Ɗan tsuntsun da na hau tudu nema a Peak District

Sau uku ina zuwa tsaunukan Peak District a Ingila kafin Allah ya haɗa ni da shi, ɗan tsuntsun nan da Turawa ke kira wheatear. Wurin fili ne fetal a saman tudu, ba bishiya, sai gajeren ciyayi da duwatsu da tumaki, ga iska mai shiga ƙashi ko a watan Afrilu.

Zuwana na farko sama nake ta kallo, ashe shi ɗan ƙasa ne, a kan dutse yake tsayawa ya miƙe ƙirji yana kaɗa bindi sai ya diro ya cafke ƙwaro ya koma. Na biyu kuma na hango wani abu ya gifta na bi shi da sauri, ina matsowa yana ƙara gaba, haka har na rasa shi. Nan na gane bin sa ɓata lokaci ne. A na uku da sassafe na je na samu gindin wata katangar dutse na zauna shiru da madubin hangen nesa, ban yi minti 20 ba sai ga namijin, baya toka-toka, baƙin zane ya ratsa idonsa, yana tashi farin gindin bindinsa ya haska. Wannan farin shi ne alamar da ba ta ruɗi, tun daga nesa za ka gane shi.

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don nauyinsa bai fi giram 25 ba amma ya ƙetaro Sahara ya tsallake Bahar Rum ya zo nan. Lokacin sanyin Turai a Afirka yake yin sa, kudu da Sahara, har da yankin Sahel, kuma waɗanda ke ƙyanƙyasa a Alaska sukan yi wajen kilomita 15,000 zuwa gabashin Afirka, zuwa kaɗai fa, ban da dawowa.

Abu ɗaya da nake roƙo, in ka ga yana shiga ramin zomo ko tsagar dutse to can sheƙarsa take, ja da baya. Ni da na ga macen ta shige wani rami da busasshiyar ciyawa a baki sai na tattara kayana a hankali na koma can nesa, daga nan na ci gaba da kallonsu har hazo ya sauko ya rufe tudun.