Asabar: 504 ta ƙi tashi

Tun da asuba hunturu ke busawa. Bayan na karya na fito da niyyar kai Hajiya Daura gaisuwar rasuwa, na murɗa makulli, sai na ji "ƙas" sau ɗaya, shi ke nan. Na sake, "ƙas". Motar nan Peugeot 504 ce ta marigayi Baba, cikin waɗanda aka haɗa a Kaduna, inda aka buɗe masana'antar a 1975, kuma ba ta saba yi mini haka ba.

Kafin in buɗe bonet maƙwabta sun taru, kowa ya zama bakanike, bakinsu ɗaya: batir ne. Ni dai ban yarda ba. Batir in ya yi sanyi karkarwa ake ji, ƙar-ƙar-ƙar, ko inji ya juya da ƙyar. Na sa ƙanena ya tsaya gaba, na kunna manyan fitilu, na murɗa. Ya ce ko ƙiftawa ba su yi ba. To, da kik, watau na'urar da ke juya inji ya tashi, yana jan wuta da sun dushe, don ba abin da ke shan wuta a mota kamarsa. Ke nan wutar tana nan, shiga cikinsa ne ba ta yi. Duk da haka na kwance kan batir na kankare farin garin da ya taru, na ƙara ɗaure wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Shiru.

Yaran unguwa suka tura, na sa giya biyu na saki kulochi, ta kama nan take. Hajiya ta ce ita kam ba ta shiga motar da sai an tura, ta bi ta haya. Na wuce wajen mai wayarin da ke can wajen Ƙofar Ƙaura, dattijon da tun Baba na raye shi ke taɓa motar.

Da mita ya fara: bolt 12.6, batir lafiya lau. Ya ce, "Ɗana, riƙe makullin a murɗe, kar ka saki." Ya zura dogon ƙarfe ya ƙwanƙwasa jikin kik ɗin a hankali, sai ga inji ya tashi. Ya yi dariya ya ce burushi ne, ɗan abin da ke kai wuta cikin kik, ya cinye, bugun ne ya sa ya ɗan taɓa. Ya ja kunnen yaronsa kada ya gwada haka a motocin yanzu, don akwai maganaɗisu a cikin nasu, bugu na iya fasa shi. Na wannan naɗin waya ne, yana jurewa.

Sai da ya cire wayar batir kafin ya sa sifana. Fito da kik ɗin ya ci lokaci, injin 504 a kishingiɗe yake, hannu ba ya shiga yadda ake so. Da ya goge baƙin mai sai ga tambarin Paris-Rhône, watau na asali ne. Ya buɗe bayansa a kan buhu, baƙar ƙura ta zubo kamar garin gawayi. Burushin sun lashe har sifirin ɗin ba ya iya danna su, jan ƙarfen da suke gogawa a kai ya yi baƙi ƙirin. Ya bi shi da samfefa mai laushi har ya yi ja, ya ɗauki karyayyen zarto ya share kowane tsagi ɗaya bayan ɗaya, yana hurawa da baki. Sannan ya liƙa sabbin burushi da dalma.

Yaron ya so in sayi sabon kik kawai a huta. Maigidansa ya harare shi. Ni ma ra'ayina ke nan, wanda aka yi don a riƙa buɗewa ana gyarawa ban ga dalilin yar da shi saboda burushi ba.

Ya gwada shi a ƙasa, ya taka da ƙafa, ya haɗa da batir. Haƙorin da ke kama inji ya yi tsalle gaba, ya juya da ƙarfi. Bayan La'asar aka mayar, bugu ɗaya ta tashi.

Saura bushin na gaba, zoben da ke riƙe sandar kik, ya ce ya fara wasa, in aka bar shi amecha, abin da ke juyawa a ciki, zai riƙa gogar jiki. Bai da irinsa, sai an duba Ƙofar Ruwa a Kano. Na ba direban da ke zuwa ranar Litinin awon da ya rubuta mini a bayan kwali.