Ranar farko ta aikin turbo a kan tsohon injina

Asabar, da dare.

Yau muka fara aikin ɗora wa tsohuwar motata turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana cusa ƙarin iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi, ni da ƙanena da makanikin da ya saba duba min ita. BMW 325i ce ta ƙarshen shekarun 1980, mai injin M20: silinda shida a jere, lita 2.5, ƙarfin doki 170 yadda ta fito daga kamfani. Ina son injin nan ƙwarai. Inji mai silinda shida a jere ba ya girgiza, domin motsin fistin ɗin gaba uku yana daidaita na baya uku, wuta kuma tana bin tsarin 1-5-3-6-2-4. Abin da nake so shi ne ya ƙara ƙarfi ba tare da ya rasa wannan laushin ba, kuma ya daɗe a raye.

Ƙanena ya iso da zumuɗi, a tunaninsa kafin yamma za mu ji kukan turbo. Makanikin ko kallon kwalin turbo ɗin bai yi ba. Ya ce a tayar da injin ya yi zafi, ya kwance filogi duka shida, ya ɗaura ma'aunin matsi a kowace silinda, ni kuma ina murza makulli. Gabana ya yi ta faɗuwa har aka gama, don da an samu silinda ɗaya mai rauni, aikin ya tsaya ke nan sai an buɗe inji. Alhamdu lillahi, duk sun zo kusa da juna, tazarar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Ringi da bawul suna riƙe iska. Ya duba ruwan lagireto, babu alamar baƙin mai ko kumfa, wato gaskit ɗin kan inji lafiya yake.

Daga nan aka shiga gardamar da ta cinye mana hantsi. Ƙanena ya ce, "Yaya, tunda za a kashe wahala, a ba shi matsin ba ɗaya cur mana." Na ɗauki alli na yi masa lissafi a bango. Ba (bar) da psi ma'aunai ne na matsin iska. Iskar da muke shaƙa matsinta kusan ba 1 ne, wato psi 14.7. In turbo ya ƙara rabin ba, injin zai haɗiyi iska ninki ɗaya da rabi, a takarda doki 170 ya koma wajen 255. A zahiri ba ya kaiwa, saboda iskar da aka matse tana yin zafi ta rage kauri, turbo ɗin kuma yana ɗan tare wa hayaƙi hanya. Duk da haka ƙari ne babba ga fistin da gaskit da suka haura shekara 30 suna aiki. Na ce a kan rabin ba ɗin nan za mu tsaya, kuma ba na jin zan sauya ra'ayi.

Abin da nake tsoro shi ne fashewar mai ba bisa ƙa'ida ba. In zafi da matsi suka yi yawa a cikin silinda, ragowar fetur da iska sukan tashi da kansu kafin wutar filogi ta iso gare su, sai a ji ƙara ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ce ke karya gefen fistin inda ringi ke zama, ta ƙone gaskit. Shi ya sa masu ƙera mota suke rage matsin inji, wato ninki nawa fistin ke matse iskar da ke cikin silinda, in za su sa turbo. Toyota ta bar injin 2JZ maras turbo a kan 10:1, mai turbo kuwa ta sauko da shi 8.5:1. Nissan ma 8.5:1 ta yi wa RB26 na Skyline GT-R. A 1962, lokacin da Oldsmobile ta fitar da Jetfire a Amurka, ta bar matsin a 10.25:1, sai da ta haɗa da tankin ruwa da barasar methanol da ake fesawa don sanyaya cikin silinda, kuma motar ba ta wuce 1963 ba. Nawa 8.8:1 ne, wannan sa'a ce, shi ya sa ma na yarda in taɓa shi ba tare da na canja fistin ba.

Makanikin ya ƙara da abin da ƙanena bai yi tunani ba. Ya ce, "Ƙanena, turbo iska kawai yake kawowa, mai fa?" Kwamfutar motar ta asali, Motronic, tana auna iska ne da wani ɗan murfi mai lilo, ba a yi ta don ta san matsin turbo ba. Dole a sa wata kwamfutar da ake iya saitawa, mai auna matsi kai tsaye, da nozul manya masu fesa fetur, da famfon mai mai ƙarfi. Inji yana tafiyar yau da kullum a kan iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1 a nauyi, amma in turbo ya cika, ana so ya sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan, ƙarin man yana sanyaya wutar. Lokacin tartsatsin filogi ma sai an ja shi baya yayin da matsi ke hawa.

Da rana muka yi aikin hannu guda ɗaya da ya dace da yau: hanyar komawar baƙin mai. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, a kan siririn shimfiɗar baƙin mai take yawo. Man yana shiga da matsi ta ƙaramin bututu, amma fitarsa gangarowa kawai yake yi, babu abin da ke tura shi. Saboda haka bututun fita dole ya zama mai faɗi, ya miƙe ƙasa ba lanƙwasa, ya shiga kwanon baƙin mai a saman inda man ke tsayawa. In aka huda ƙasa da nan, man zai taru a cikin turbo ya tsallaka cikin salansa, mota ta dinga tuƙa shuɗin hayaƙi. Akwai masu huda kwanon yana jikin inji su shafa giris a bakin abin huda, ni ban yarda ba. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya isa ya ci metal, wato mazaunin da sandar inji ke juyawa a ciki. Muka ɗan ɗaga injin, muka zare kwanon, aka huda, aka yi waldar bakin bututun, na wanke shi da kaina har sai da farin ƙyalle ya fito tas.

Tunda gaban injin a buɗe yake, na ce a sauya bel ɗin taimin da famfon ruwa gaba ɗaya. A M20 in bel ya tsinke, fistin da bawul karo suke yi. Kuloci kuwa na san ba zai riƙe sabon ƙarfin ba, shi da birki suna cikin jerin sati mai zuwa.

Gobe in Allah ya kai mu za mu gwada zaman manifol, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga silinda zuwa turbo, mu ga ko zafinsa zai yi kusa da wayoyi da bututun birki, sannan mu auna gurbin na'urar sanyaya iska a gaban lagireto kafin a yanka komai.