Yaran talakawa ma su kwana a tanti su san itatuwan ƙasarsu

Tunda hunturu ya fara kaɗawa nike ta son in yi wannan maganar, sabida yanzu ne lokacinta, ruwa ya ɗauke, sauro ya yi sauƙi, makarantu na shirin hutu. Maganar ita ce a riƙa kwasar yara ana kai su wani fili su ɗan kwana biyu a tanti, su dafa abincinsu da kansu, a zaga da su a nuna masu icce da ƙasa da ruwa. Kuma ba 'ya'yan masu hali nike nufi ba, su makarantunsu na fita da su. Ina nufin almajirin da ke kwana a zaure, da marayan da ke tallan fiya wata a wajen Ƙofar Ƙaura, da yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya suka raɓe a kangwaye cikin garin nan na Katsina.

Nasan abinda za a fara ce man, haba Malam, a wannan marrar? Kuma wallahi ban ga laifin mai faɗi ba. Ba wanda ya manta watan Disamba na 2020 da aka shiga makarantar kwana ta Ƙanƙara aka kwashi yara sama da 300. To ni ban ce a nufi dajin Rugu ba, ko kusa. Filin makaranta mai katanga lokacin hutu ya isa, lambu a bakin gari ya isa, in dai akwai itatuwa kuma ana iya takawa a kai gona da safe a dawo kafin la'asar. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda, a samu yardar uba ko uwa ko Alaramman yaro baki da baki, in babu wannan a fasa, shikenan.

Mu dai da muka gwada bara, ni da wasu abokai malaman firamare, a lambun wani bawan Allah ne da ya ba mu aro. Cikin yaran akwai wani ɗan wajen Batsari, ba zai wuce shekara goma sha ɗaya ba, daren farko sam ya ƙi kwanciya, yana zaune bakin tanti ya rungume takalminshi, ko kare ya yi haushi sai ya miƙe. Ba mu matsa mashi ba, ɗayanmu ya zauna kusa da shi har barci ya sace shi. Da safe muka gayyato wani dattijo manomi ya zaga da su, Baban na nuna icce yana tambaya wannan fa? 'Yan cikin gari daga bedi sai mangwaro suka sani, shi ko yaron nan sai zubo su yake, wannan aduwa ce, wannan magarya, wannan kanya, waccan bagaruwa da ita ake jima, sabara kuma ana dafa wa maijego. Har Baban ya tsaya ya ce kai yaro ɗan gidan wa ne? Daga nan sauran suka koma binshi suna tambaya, yaron da a unguwa ba a kiranshi sai ɗan gudun hijira.

Wannan ne ya tsaya man a rai. Yaran nan ba wai ba su san daji ba ne, sun san shi, amma ta hanya biyu kawai, ko an aike su itace da yunwa a cikinsu, ko sun ratsa shi da gudu cikin dare. Su kwana a fili cikin aminci, cikinsu a ƙoshe, wani babba na sauraren abinda suka sani, wannan shi kanshi magani ne tun ba a zo ga karatun muhalli ba.

Kuma karatun ba na allo da alli ba ne. A tsaya da yaro gindin gawo a tambaye shi me ya sa geron da ke ƙarƙashinshi ya fi na gefe kyau. Gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma ya yi kore dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yan su bar kashinsu a wurin. Manomanmu sun san haka tun kaka da kakanni. Maƙwabtanmu na Maraɗi, ga su nan da an wuce Jibiya, tun cikin shekarun 1980 suka kama abinda suke ce ma sassabin zamani, wato in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututturen kalgo da sabara da gawo, sai a zaɓi tsiro biyu uku masu ƙarfi a bari a sassabe sauran. Da wannan kawai, ba reno ba ban ruwa, aka kiyasta itatuwa sun dawo a fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Yaro ɗan shekara goma zai koyi wannan da lauje a hannu cikin safiya guda, kuma mun ga sun koya.

Mu nan an fi son dashe. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada ya shafa a Najeriya, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal har Jibuti, aka kafa mashi hukuma a nan ƙasar a 2015. Abu ne mai kyau, ina goyon baya. Sai dai kowa ya san halinmu da dashe, a taru a ɗau hoto a watse, bayan sati biyu akuya ta gama da shi. Icce sai da mai kula, kuma mai kular nan ba a taron biki ake samunshi ba.

Sai maganar itacen girki da gawayi. Don Allah kar a tara yaran talakawa a ce masu sare icce laifi ne a tsaya nan, alhali uwar yaro ba ta da kuɗin gas kuma da itacen ake dafa tuwon da zai ci. A nuna mashi yadda ake rage reshe a bar uwar icce da rai, a gina murhun laka mai tsimin itace tare da su su ga bambanci da idonsu. Haka leda, mun sa su tsinci ta wurin da muka sauka, suka tara buhu buhu, sannan aka yi hirar yadda take toshe kwata da damina da yadda take kashe tunkiya in ta haɗiye.

Abin fa ba sabo ba ne. Baden-Powell da ya kafa sikawut, zangonshi na farko a 1907 a tsibirin Brownsea a Ingila yara wajen 20 ya haɗa, 'ya'yan masu kuɗi da na talakawa a tanti ɗaya. Mu ma muna da 'yan sikawut a makarantu, ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da suka saba fita zango, sun iya kafa tanti sun iya tsare layi. Ƙwarewar na nan, yaran da suka fi buƙata ne kawai ba a tunawa da su.

Kayan ma ba wasu masu yawa ba ne, tabarmi, barguna don sanyin asuba na hunturu ba wasa, gidan sauro, tocila, ruwa mai tsabta, akwatin magani da ma'aikacin lafiya ko ɗaya ne ya kwana tare da ku. A koya masu kakkaɓe takalmi kafin a sa saboda kunama. Abinci sau uku, koko da ƙosai, shinkafa da wake, tuwo miyar kuka, kuma a nuna masu iccen kukar da miyar ta fito. Wani almajiri ya tambaye ni, Malam gobe ma ba sai mun je bara ba? Na ce mashi ba sai kun je ba. Sallah a jam'i, da asuba masu allo su yi karatunsu don kar Alaramma ya ga an raba su da abinda ya kawo su, da dare a kashe tocila a nuna masu kaza da 'ya'yanta a sama.

Ranar tashi mun ba kowa dashe, amma almajiri ina ya ga filin da zai dasa? Sai muka roƙi malamansu aka dasa a bakin tsangaya da gefen masallaci inda ruwan alwala ke gangarawa, aka kewaye da ƙaya, kowane icce da sunan mai shi. Malaman ba su yi musu ba, su suka ma tuna mana hadisin da ke cewa duk musulmin da ya dasa, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Wasu sun mutu da bazara, da dama sun kama.

Bana so muke a yi na 'yan mata daban, su da ke yawon talla sun ma fi kowa rashin samun irin wannan damar, kuma ba zai yiwu ba sai da malamai mata da za su kwana tare da su, da iyaye mata ko biyu daga unguwa. Su muke nema yanzu, da barguna.