Wai dokin ne ya yi gudun

Talata da dare.

Tun la'asar maganar Yaya take cina, na kasa sauke ta daga raina.

Ina kishingiɗe ina kallon tsohon bidiyon tseren dawaki na Belmont na 1993 a waya, wanda wata mahayiya, Julie Krone, ta ci a kan doki mai suna Colonial Affair. Na kalle shi ya fi sau goma, amma har yau da sun shawo kwanar ƙarshe sai na tashi zaune. Auta ta leƙo ta kafaɗata tana tambayar wanne ne dokin matar, na nuna mata. Yaya yana bakin ƙofa yana ɗaura agogo, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "To ai dokin ne ya yi gudun. Ita me ta yi ban da zama?"

Na ce, "Haba Yaya, zo ka duba ka gani ko ta zauna."

Ai mahayin tsere ba ya zama a sirdi. Likkafarsa gajera ce, a tsugune yake tun daga tashi har ƙarshe, cinya da gwiwa ne ke ɗauke da shi. Mutum mai kilo 50 da 'yan kai, a kan dabba mai kusan kilo 500, ana keta iska da gudun kilomita 60 a awa, kofato ta gaba kofato ta baya. Kuma a lokacin Belmont mil ɗaya da rabi ne, shi ya fi tsawo a manyan tsere uku na Amurka. Ka saki linzami da wuri, doki ya ƙare ƙarfinsa tun ba a je ko'ina ba. Ka riƙe shi ya yi yawa, a rufe maka hanya. Wannan lissafin ba doki ke yin sa ba.

Ya ce, "Ko wa aka ɗora a kai zai ci."

Na ce duk waɗanda ta bari a baya ran nan maza ne, kuma da ɗayansu ne ya ci, da gwanintarsa za a yaba. Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai da dawakinki," ya fice.

Dariyar ce ta fi min ciwo.

Ko wata uku ba a yi da wannan nasara ba, a watan Agusta, Julie ta faɗi a filin tsere na Saratoga. Idon sawunta ya farfashe, dokin da ke biye ya same ta a ƙirji, rigar kariya ce ta tare abin. Ta yi watanni tana jinya, ta sake hawa. A 2000 ta zama mace ta farko da aka saka a zauren karrama gwanayen tsere na ƙasar, a 2003 ta ci ɗaya daga cikin manyan tseren da ake kira Breeders' Cup a kan doki mai suna Halfbridled. Sau 3,704 tana zuwa ta ɗaya kafin ta ajiye bulala. Duk zama ne ya ba ta?

Na kuma tuna Diane Crump, wadda a 1969 sai da 'yan sanda suka raka ta cikin taro kafin ta kai ga dokinta a filin tsere na Hialeah. Laifinta kawai za ta yi tsere da maza.

Wankin da na ce zan yi yana nan. Kiran Umma ma sai gobe.

Ɗazu Auta ta ɗora filo a ƙasa ta tsuguna a kai irin na mahaya, hannu biyu a gaba kamar ta riƙe linzami, ta ce in duba mata lokaci. Ba ta cika minti ɗaya ba ƙafafunta suka fara rawa, ta zube tana haki. Na ce mata tseren wajen minti biyu da rabi ne. Ta zaro ido ta ce, "Anti, a kan dokin da yake gudu kuma?"

Na tura wa Yaya bidiyon. Ya buɗe, bai ce komai ba tukuna.