Ruwa Nawa, Zoɓo Nawa: Lissafin Abin Shan Biki a Maraɗi

Duk wanda ya taɓa riƙe hidimar biki a Maraɗi ya san cewa tukunyar shinkafa ba ta cika ba da kunya ba, domin mata sun daɗe da sanin tiya nawa ke ciyar da mutum nawa. Inda ake yawan faɗuwa shi ne wajen abin sha. Ni kaina na ɗanɗana wannan a bikin ƴar yayata, a unguwar Zariya, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana tsaka. Mun buga kati 300, na yi tanadin abin sha na mutum 300, kuma kafin a kira la'asar ruwan sanyi ya ƙare ƙaf. Har yanzu ina tuna wata dattijuwa daga dangin ango, wadda ta taso tun daga Tibiri, ta riƙo gefen mayafina ta ce, “Ƴata, ko na randa ne a taimaka mini da shi.” Na kawo mata a kofin silba, ta sha ta sa mini albarka, amma wannan magana ta zauna mini a rai, kuma ita ce ta sa na sake tsarin lissafina gaba ɗaya.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar katin gayyata a matsayin ma'auni. Kati ɗaya a garin nan ba ya nufin baki ɗaya, musamman a wunin mata, inda kowace za ta zo da goyo, da yarinyar da ke riƙe mata jaka, wani lokaci har da maƙwabciyar da ta ga anko ta biyo ta. Ga almajirai a ƙofar gida, ga makaɗa, ga masu girki da suka wuni a bakin murhu tun asuba, waɗanda su ne suka fi kowa ƙishirwa amma su ake mantawa da su. Saboda haka, idan taron mata ne, ina ninka adadin kati sau biyu. Idan ɗaurin aure ne na maza, wanda ake gamawa da hantsi a raba goro da dabino a watse, ƙarin kashi ɗaya cikin uku ya wadatar.

Bayan an san yawan bakuna, sai a fara da ruwa, ba da lemo ba. Mutane suna son fara lissafi da kwalba domin ita ake gani a hoto, alhali abin da baƙo ke nema idan ya shigo daga rana shi ne ruwa. A bazara, ga taron da zai kai awa huɗu zuwa biyar, ina ware wa kowane mutum ledar ruwa uku ta rabin lita. Mutum 600 ke nan leda 1,800, wato ƙunshi 90 idan kowane ƙunshi na ɗauke da 20. Adadin yana tsorata mai biki idan ya ji shi, amma ba duka ake sha ba: wani zai wanke hannu, wata za ta yi alwala, yaro zai huda ya sha rabi ya yar. A hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, rabin wannan ya isa, sai dai a ƙara shayi ga dattawa.

Zoɓo shi ne ginshiƙin taro a wurina, domin yana da araha, yana jure jira, kuma idan ya ji citta da kanumfari babu mai raina shi. Ina lissafa ƙaramar gora ɗaya ga kowa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na lita, wanda ga mutum 600 ya kama lita 200, jarka goma ke nan mai cin lita 20. Ƙullawa a gora ta fi zubawa a kofi, saboda ana iya ƙirgawa, kuma mai rabo ba za ta cika wa ƙawarta ta rage wa wata ba.

Kunun aya kuwa sai an yi hattara. Yankinmu ne gidan aya a Nijar, kuma baƙon da ya zo daga Katsina ko Yamai yana sa ran shan na Maraɗi, don haka ba a rasa shi a biki. Matsalarsa ita ce ba ya haƙuri da zafi. Idan aka ɗauke wuta, ko ƙanƙara ta narke, cikin ƴan awanni zai yi tsami ya fara kumfa, kuma abin da ya lalace ba ya gyaruwa. A wancan bikin mun zubar da jarka biyu, ina kallo ana tuttular da ayar da aka kwana ana markaɗawa. Yanzu ba na yin fiye da na kashi ɗaya cikin uku na jama'a, ana tace shi a safiyar ranar, kuma shi ake fara fitarwa tare da abincin rana. Ƙanƙararsa daban nake saya, na biya kuɗinta tun ana jibi biki, domin a bazara wanda ya je nema a ranar zai dawo hannu rabbana.

Lemon kwalba na dangin ango ne da manyan baƙi. Kiret na ɗauke da 24, don haka biyar sun ishi mutum 100 har da rara. Nakan yi yarjejeniya da mai shago cewa kiret ɗin da ba a taɓa ba zai karɓi abinsa, sannan na sa yaro ɗaya tattara kwalabe, tunda duk wadda ta ɓata sai an biya.

Abin da ya fi ba ni wahalar koya wa ƴan uwa shi ne kada a fitar da komai lokaci guda. Ina raba abin shan gida uku, na kulle kashi na ƙarshe a ɗaki, makulli a hannun gwaggona, wadda babu mai iya yi mata magiya. Ba a buɗe shi sai bayan magariba, lokacin da ƴan kai amarya suka taru, motoci na jira a ƙofa, kuma kowa na neman abin jiƙa maƙoshi kafin a tashi.