Kuɗin mota da ɗakin kwana ga wanda ya bar shaye-shaye

Masu son taimaka wa wanda ya bar ƙwaya sukan ƙare ƙarfinsu a kan nasiha. Amma sau da yawa abin da ke mayar da shi gidan jiya shi ne rashin abin hawa zuwa asibiti, ko rashin wurin kwanan da babu tsoffin abokan shansa.

A fara da hanya. Wanda ya kamu da hiroyin, tiramadol ko kodin, idan aka ɗora shi a kan metadon, maganin da likita ke bayarwa a madadin waɗannan ƙwayoyi, a farko kullum sai ya je ya sha a gaban ma'aikacin lafiya. Ya yi fashin kwana uku a jere, a wurare da yawa ba za a ba shi adadin da ya saba ba sai likita ya sake duba shi, domin jiki ya fara sakin juriyarsa. A kwanakin nan ga ciwon gaɓoɓi, ga zufa, ga gudawa, ga rashin barci, dillalin ƙwaya kuwa ya fi asibiti kusa. Idan ya sha yawan da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa.

Don haka a zauna a rubuta tafiye-tafiyen wata guda: ranakun asibiti, zaman tattaunawa, kotu in akwai, da wurin aiki. Kowace tafiya a sa mata mutum biyu, mai kaiwa da wanda zai maye gurbinsa ranar da mota ta lalace. A makonnin farko kada a damƙa masa kuɗin mota a hannu; a biya direba kai tsaye ko a saya masa tikiti. Ba zargi ba ne, rage masa jarrabawa ne. A kuma duba ta ina hanyar ta bi. In ta ratsa unguwar da yake saye, a canza ta ko da za a yi zagaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shirya zuwa a manta da dawowa, alhali a dawowar ne yake shi kaɗai, babu mai jiransa.

Batun gida kuwa, akwai tsari biyu da suka yi suna. Oxford House, wanda ya faro a jihar Maryland ta Amurka a 1975, gida ne da masu murmurewa ke haɗa kuɗin haya su tafiyar da kansu, wanda ya koma sha kuma a sallame shi. Ɗayan, wanda Sam Tsemberis ya fara a New York a 1992, kuma Finland ta ɗauka tun 2008, yana ba mutum gida da farko ba tare da sharaɗin sai ya daina ba. Na biyun yana hana kwanan titi, amma gida shi kaɗai ba ya raba mutum da ƙwaya. Na farkon yana tsare sauran mazauna, sai dai wanda aka kora, ina zai kwana a daren? Wannan tambayar a amsa ta a rubuce tun ranar shiga, tare da sunan wanda za a kira.

Kuɗin haya a miƙa wa mai gida hannu da hannu, in da hali na wata uku gaba. A zaɓi ɗakin da mota ɗaya za ta kai asibiti, ko da ya fi ƙanƙanta. Metadon da aka ba shi ya tafi da shi gida a kulle shi, domin kurɓa kaɗan na iya kashe yaro. A ajiye nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka yi wa yawa, inda kowa ya sani. Aikinsa minti 30 zuwa 90 ne kawai, saboda haka ko mutum ya farfaɗo, a kwantar da shi a gefensa, a kira motar asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.