Asabar da dare, ni da kalmomin JAMB

Yau tun bakwai da rabi na fita lesin JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, adaidaita daga Ɗorayi zuwa Kabuga, ga sanyin safiya ga ƙura, ina riƙe da ɗan littafina da na cika da kalmomin Turanci ina ta maimaitawa a hanya kamar mai tilawa. Wata biyu kenan ina haddar nan, kullum kalma ashirin.

Malam ya ba mu gwaji a kwamfuta, tambaya ashirin duk na kalmomi. Na ci goma sha ɗaya. Wallahi raina ya ɓaci sosai, don a cikin taran da na faɗi guda huɗu na san ma'anarsu sarai. Akwai wadda aka ja wa layi, candid, jimlar tana maganar ɗan kasuwa da ya faɗa wa mai saye aibin atamfarsa, ina ganin frank na danna da murnata, ashe a sama an rubuta opposite in meaning, kishiya ake nema ba mai kama ba. Malam ya ce kusan kullum sai an ajiye mai kamar a cikin zaɓin saboda mai gaggawa, don haka kafin ido ya sauka kan A B C D a fara duba me aka ce a kawo.

Ya tsaya a kaina ya ce in rufe zaɓin da tafin hannuna, in karanta jimlar kawai, in sa tawa kalmar a gurbin ko da ta Hausa ce, sannan in buɗe in nemi wadda ta fi kusa da ita. Na gwada da novel, ni dai littafin labari na sani, amma jimlar ta ce a novel idea, da na rufe sai bakina ya ce sabuwar dabara, ina ɗaga hannu ga new tana kallona. Haddata ma'ana ɗaya ta ba ni, ita kuwa kalmar biyu gare ta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar saiwar kalma. Ya tambaye mu wa ya yi sarfu a Islamiyya, kataba, kitab, maktab, katib, duk harafi uku ne suka haife su, ya ce to Turanci ma yana da irin wannan daga Latin. Bene alheri ne, mal sharri, shi ya sa ko ba ka taɓa haɗuwa da malevolent ba ka san ba mutumin kirki ake nufi ba, nan take ka zubar da zaɓi biyu. Shekara nawa ina Islamiyya ban taɓa haɗa su ba sai yau. Ya kuma ce mu lura da but da although, in suka shigo to maganar ta juya.

Ga lissafin lokacin jarrabawar JAMB ɗin, tambaya 180 a awa biyu, 60 na Turanci ne, sauran darussa ukun 40 kowanne, wato sakan 40 kowace tambaya. Na kalmomi ya kamata su tafi da sauri don a bar wa dogayen nassoshin nan lokaci, kuma kar a bar ko ɗaya ba amsa.

Bayan la'asar ina taya Umma tsince shinkafa ta ce wai yau fuskar ba walwala, na ce Umma ki dai sa ni a addu'a, ta ce kullum ina ciki. Jami'ar Bayero ta Kano, BUK, nake so, bara makina bai kai ba, ba na son in sake zaman shekara.

Bayan isha na ari wayar Yaya na yi wasu ashirin daga tambayoyin baya, hannu a kan zaɓi, na ci goma sha shida. Littafin haddar ban yar ba, amma daga yau duk kalmar da zan rubuta sai da jimlarta a ƙasa. Gobe zan tambayi Malam indifferent, don "in" ɗin nan na farkon kalmar ya yaudare ni, na ɗauka kishiyar different ce.